Tambayoyinku Kan Sinadarai: Buhun Wake, Ramin Zinare, Kwatar Majema da Wankin Bayi

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan sinadaran da ake aiki da su a kasuwa da daji da masana'anta da cikin gida. Malaman kimiyyar sinadarai da ma'aikatan lafiyar muhalli da ke taimaka wa wannan fili su ne suka amsa. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ambaci wani reshe na kimiyyar sinadarai da Turawa ke jingina wa launin kore, ya ce nan masana'antu suka dosa. Mene ne bambancinsa da aikin tsaftace muhalli da muka sani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin yana ga lokacin da ake tarar guba. Mai tsaftace muhalli sai ɓarna ta auku yake zuwa, ya kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ya tace ruwan kwata, ya sa matata a bakin bututun hayaƙi. Shi kuwa wannan fanni tun ana tsara aikin yake tsayawa ya tambaya ko dole ne sai da wannan sinadari mai guba, ko kuwa akwai hanyar da za a bi a sami kaya iri ɗaya ba tare da an haifar da gubar ba tun farko. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Anastas da John Warner, su suka jera masa ƙa'idoji 12 a 1998. Ta farko ita ce hana samuwar shara ya fi a zo ana neman yadda za a yi da ita, abin da Bahaushe ya daɗe da faɗi: rigakafi ya fi magani. Ta biyu ta ce a tsara haɗi yadda mafi yawan kayan da aka zuba za su ƙare a cikin abin da ake son samarwa, ba a cikin kwata ba.

Ki ɗauki maganin ciwon jiki na ibuprofen. Hanyar da kamfanin Boots na Ingila ya fito da ita a shekarun 1960 matakai shida ce, kuma ko da komai ya tafi daidai, kashi 40 cikin 100 na nauyin kayan haɗin ne kawai ke zama magani. Sauran 60 shara ne. Wani kamfani mai suna BHC ya sake tsarin ya koma matakai uku, ya yi amfani da sinadaran da ke zaburar da haɗi ba tare da su sun ƙare ba, sai rabon ya tashi zuwa kashi 77. Abin da ke saura asid ne irin na cikin binega, wanda ake tarawa a sake amfani da shi. An buɗe masana'antar a Texas a 1992, aka ba su lambar yabo ta shugaban Amurka a 1997. Ƙwayar da ke hannun majinyaci ba ta canza ba, hanyar yin ta ce ta canza.

Akwai ma'auni mai sauƙi da wani masani, Roger Sheldon, ya kawo: a auna kilo nawa na shara ake fitarwa kafin a sami kilo ɗaya na kaya. A matatar mai bai kai kilo ɗaya ba, amma a masana'antar magunguna yakan kai kilo 25 zuwa 100. Ki gwada wannan lissafi a kan marina ko masu yin sabulu a unguwarku, za ki ga inda kuɗi da lafiya suke zurarewa.

Abu ɗaya kada ki yarda da shi, wato cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ko daga tsiro lafiyayye ne. A 2011 likitoci a birnin Boston sun sami dalma da yawa a jinin wani jariri, aka bi diddigi aka tarar kwallin da aka kai masa daga Najeriya ne, kuma kashi 82.6 cikin 100 na kwallin nan dalma ce tsantsa. Dutse ne aka haƙo daga ƙasa aka niƙa, babu wata masana'anta da ta taɓa shi.

TAMBAYA: Ina sayen wake lokacin kaka in ajiye zuwa bazara. Shekara da shekaru fiya-fiya nake yayyafawa, wani lokaci in jefa ƙwayar magani a cikin buhu. Yanzu masu saye sun fara shinshina wake suna cewa yana warin magani. Idan na daina, ƙwari za su cinye mini jari. Yaya zan yi? Daga wani ɗan kasuwar hatsi a Kano.

AMSA: Alhaji, masu sayen nan da gaskiyarsu. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. Yana toshe wani sinadarin jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai jijiyoyi su yi ta aiki babu tsayawa. Shi ya sa wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa za ka ga miyau na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ga amai da gudawa, numfashi na sarƙewa. Irin wannan asibiti za a garzaya da shi tare da kwalbar, a cire masa tufafin da maganin ya jiƙa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin yakan faɗa huhu. Saboda wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, aka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6.

Ƙwayar da kake jefawa a buhu ta fi haɗari. Kowace ƙwaya mai giram 3, da ta sha danshin iska, tana sakin giram 1 na iskar fosfin, kuma babu maganin da ke karya wannan guba. Aikin ƙwararru ce a rufaffen sito da babu kowa. A ɗakin da ake kwana, ko shagon da ke manne da ɗakin kwana, tana kashe mutane cikin barci, yara kan gaba.

Mafita ita ce ka kashe ƙwaron da rashin iska. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue suka fara gwada tsarinsa da manoman arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Idan aka ɗaure buhun da kyau, ƙwari da tsutsotsinsu su da kansu suke shanye oksijin ɗin da ya rage, ya sauko ƙasa da kashi 5, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Kusan duk wanda ya ce buhun bai yi masa aiki ba, wajen ɗauri ko wajen ajiya aka yi kuskure, don haka ka lura da waɗannan.

Wake ya bushe ƙayau tukuna, danshinsa kada ya wuce kashi 12 zuwa 13. In babu na'urar awo, ka sami busasshiyar kwalba, ka zuba wake da cokali biyu na busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar shi kamar minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da waken shanya. Jiƙaƙƙen wake a rufaffiyar leda fumfuna zai yi. A sheƙe shi, a cire tsakuwa da itace masu huda leda. Kafin zubi, ka cika kowace leda da iska, ka riƙe bakinta ka matsa, ka ji ko tana huci. Ka sa leda ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhu, ka zuba kana jijjigawa don waken ya zauna. Ka bar kamar taƙi ɗaya ko fiye a sama, ka matse iskar da ta rage, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa shi gida biyu, ka ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun shi kaɗai. Ɗauri uku ke nan daban-daban. Wanda ya haɗa bakunan uku ya yi musu ɗauri ɗaya ya bar wa iska hanya.

A jera a kan katako, nesa da bango, a yi maganin ɓera. Ka gargaɗi 'yan dako kada su sa ƙugiya, kada mai saye ya soka ƙarfen ɗiban samfur. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, domin kowace buɗewa sabon numfashi ce ga ƙwaron. Durom na ƙarfe mai lita 200 da murfi mai roba shi ma yana yi, yana cin kusan kilo 150, muddin an cika shi fal kuma ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a cikinsa ba.

Idan waken ya riga ya fara ƙwari, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu a tsakar rana. Zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa ɗaya yana kashe ƙwaro da ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwayar waken. Na cin gida kuwa, tsohuwar dabarar iyayenmu tana nan da ƙarfinta: mudu ɗaya na wake, mudu ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, a cakuɗa, a rufe sama da toka mai kaurin yatsu biyu.

TAMBAYA: Muna aikin zinare a daji, da makuri muke kama shi, mu ƙona a cokali. Wani ya ce mana akwai farin gari da ake kira boras da ke fitar da zinare ba sai da makuri ba. Gaskiya ne? Kuma shin makurin ne ya kashe yara a Zamfara? Daga wani mai haƙar zinare.

AMSA: Malam, guba biyu ce a aikinku, kuma haɗa su da ake yi a zance ɗaya yana sa a kare kai daga ɗaya a bar ɗaya. Abin da ya kashe yara a Zamfara dalma ce, ba zaiba ba, wato makurin da kuke faɗi. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya yi tsanani. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, mata su daka a turmi, a niƙa shi a bushe a injin niƙan hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin 100. Yara fiye da 400 suka rasu. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba, kuma wanda ya tsira yakan tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma cikin ƙurar nan, jiya ce za ta dawo. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira na jihar Neja.

Kariya daga dalma ba ta buƙatar wani sabon sinadari. Dutse kada ya shigo gari. A niƙa shi da ruwa, kada a niƙa a bushe. Injin da ya niƙa dutse kada ya ƙara niƙa hatsi, haka turmi da buhu da kwano. Ma'aikaci ya yi wanka a wurin aiki, ya bar kayan aiki da takalmi a can. Yara da masu ciki kada su je wurin ko da kai abinci ne.

Zaiba kuwa tururinta ne mugun. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma mai ƙonawa a cokali shi ne na farkon shaƙa. Alamunsa rawar hannu, gyambon dasashi, mantuwa, saurin fushi da ciwon ƙoda. Wadda ta zube a rafi kuma ƙwayoyin cuta na cikin laka suna juya ta zuwa wani nau'i da ke taruwa a jikin kifi. Irinsa ne ya nakasa mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya da Nijar suke ciki. Ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Maganar boras gaskiya ce, amma da sharaɗi. Masu haƙar zinare na lardin Benguet a ƙasar Filifin sun shafe shekaru da dama suna aiki da shi. Boras ba ya kama zinare yadda zaiba ke yi. Zinare yana narkewa ne a digiri 1,064, shi kuwa boras aikinsa ya narkar da yashi da dattin da ke tare da zinaren su zama ruwa-ruwa, zinaren ya nutse ya dunƙule a ƙasan kasko. Saboda haka ainihin aikin yana wajen wanki. A niƙa da ruwa har ƙwayar zinare ta rabu da dutse. A bi da shi ta kwararon wanki mai shimfiɗar kafet, a karkace shi digiri 10 zuwa 15, ruwa na gudu daidai wa daida, a riƙa wanke kafet akai-akai kafin ya toshe. Abin da aka tara a wanke shi a kwano sannu a hankali, da ɗigon sabulu a ruwan don kada lallausan zinare ya yi iyo ya tafi. A sa maganaɗisu a cikin leda a janye baƙin yashi. Sai abin da ya rage ya koma ɗan kaɗan, zinare na ƙyalli a cikinsa da yawa, sannan a auna boras daidai yawansa a cakuɗa, a ɗiga ruwa kaɗan, a ƙulle a 'yar leda. A gasa kaskon yumɓu tukuna da ɗan boras a ciki don ya yi santsi, a sa ƙullin, a hura gawayi da zugazugi ko fanka har komai ya narke.

Wuri uku ake faɗuwa. Na farko gaggawa: idan yashi ya fi zinare yawa nesa ba kusa ba, boras da gawayi za su ƙare a sami dunƙulen gilashi da zinare warwatse a ciki. Na biyu, akwai dutsen da zinarensa ya yi laushi ainun ko yake kulle cikin ma'adinin kibiritu, wanki ba ya kama shi, don haka a gwada da kaɗan kafin a zuba jari. Na uku shi ya fi damunmu game da ƙasarmu. Dutsen dalma yana da nauyi, yana bin zinare ya zauna a ƙasan kwano, launinsa toka-toka mai ƙyalli kamar kwalli. Idan aka narka shi, hayaƙin dalma ne zai tashi. A irin dutsen Zamfara, narkawa sai a fili nesa da gari, mutum ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan hayaƙi.

Wanda bai iya barin zaiba yau ba, to ya rage ta. Kada a zuba ta cikin injin niƙa tare da dutse gaba ɗaya, nan ne ake asarar zaiba ninki da yawa na nauyin zinaren da ake samu. A bari sai an wanke an tace, a sa ta a ɗan abin da ya rage. Kuma a ƙona a rufaffiyar tukunya mai bututu, wadda mai walda zai iya haɗawa da fayif ɗin ruwa na ƙarfe: murfi mai zare inda dunƙulen zai zauna, gwiwa, da bututu mai kamar rabin mita da ya gangara zuwa kwanon ruwa, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mai kyau tana maido da kusan kashi 95 na zaibar. Sabuwa a ƙona ta babu komai a fili don farin rufin fayif ɗin ya ƙone. A shafa toka ko yumɓu a cikin murfin don kada zinare ya manne. A ɗaga bakin bututun daga ruwa kafin a janye wuta, in ba haka ba zai zuƙo ruwa cikin ƙarfe mai zafi ya fashe. Kada a buɗe sai ta huce sarai. Zaibar da aka tara a adana ta a kwalba mai ƙarfi da ruwa a samanta, ban da kwanon alminiyam domin tana cin sa. Ragowar ƙasar da ta sha zaiba kuma kada a sayar wa masu jiƙa ta da sayanaid, wato gubar da ake narkar da zinare da ita, domin haɗuwarsu tana narkar da zaibar ta bi ruwa.

TAMBAYA: Ina kula da ƙaramar masana'antar jima. Ruwan da muke zubarwa shuɗi-kore ne, maƙwabta suna ƙorafi, ga kurom ya yi tsada. Akwai abin da ƙaramin wuri zai iya yi ba sai da manyan injuna ba? Daga wani manajan majema.

AMSA: Ranka ya daɗe, launin nan da kake gani kuɗinka ne ke bin kwata. A jima ta yau da kullum ana zuba garin kurom kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyin fata, amma fatar kashi 60 zuwa 70 kawai take sha. A Kano ragowar tana bin rafin Salanta daga Sharaɗa zuwa kogin Challawa, ta Bompai kuma ta bi Getsi zuwa Jakara, ruwan da masu lambu ke ban-ruwa da shi.

Matakin farko shi ne raba kwata. Ruwan cire gashi mai farar ƙasa da salfaid hanyarsa daban, ruwan kurom da na tsami hanyarsu daban. Wannan maganar rai ce, domin idan suka haɗu, asid yana sakin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta yi yawa hanci yakan daina jin ta, ta fi iska nauyi, tana kwanciya a cikin rami, kuma mai shiga yashe rami yakan faɗi nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Na biyu, ka sa fatar ta ƙara sha. Rage ruwan da ke cikin durom, ƙara lokacin juyawa, a ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, sannu a hankali ya ƙare tsakanin 3.8 da 4.2, zafi ya kai digiri 35 zuwa 40 a ƙarshe. Idan aka ɗaga pH da gaggawa, kurom zai daskare a saman fata ya yi tabo, cikinta ya zauna ɗanye.

Na uku, maido da kurom. A tace ruwan da raga don cire tsokar fata da kitse, a tara a tanki. A dama garin magnesiyam oksaid da ruwa, a zuba kaɗan-kaɗan ana motsawa har pH ya kai wajen 8, a bar shi ya kwana. Da safe za ka ga laka mai kauri a ƙasa, ruwa garau a sama. An fi son wannan gari a kan soda mai ƙuna domin lakarsa tana daskarewa ƙanƙanuwa, ta soda kuwa kumbura take yi kamar kunu, ta ƙi kwanciya. A tsiyaye ruwan sama, a riƙa zuba asid ɗin salfa a cikin lakar a hankali ana motsawa, da safar hannu da tabarau, har pH ya sauko wajen 2.5. Abin da ka samu zai maye gurbin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kurom. Idan fata ta fara fitowa da tabon maiƙo, tacewar farko ce ba ta yi ba.

Kada ka ƙona ragowar yankan fata mai kurom. Kurom ɗin jima mai sauƙin illa ne, amma wuta tana juya shi zuwa nau'in da ke jawo sankara, wanda Turai ba ta yarda ya kai miligiram 3 a kilon fata ba. A kuma kakkaɓe gishirin ɗanyar fata a tara kafin jiƙo, domin gishiri ba ya fita da tacewa, kuma shi ke kashe gona.

Ga fatar jaka da takalmin gargajiya da kayan ado, bagaruwa tana nan, ita ta jeme jar fatar akuyar Sakkwato da ta yi suna har Turai. A cire 'ya'yan a daka kwanson, a jiƙa a tukunyar ƙasa ko roba, domin ƙarfe yana baƙanta fatar. Cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya ita ce wurin da ya dace ka kai samfurin ruwanka a auna kafin ka sayi tanki.

TAMBAYA: Na haɗa bilic da ruwan wanke masai don bayi ya fi fita, sai wani wari ya shaƙe ni, na yi ta tari har dare. Me ya faru? Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Sannu, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Yawancin ruwan wanke masai asid ne, kuma idan asid ya haɗu da bilic iskar kulorin ce ke tashi. Tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma ta fi iska nauyi ninki biyu da rabi, don haka wadda ta sunkuya tana goge ƙasa da yaron da ke tsaye kusa da ita su suka fi shaƙa. Haka bilic da binega ko lemun tsami. Da fitsarin da ya taru a fo ko masai ma yana ba da wata iskar mai shaƙewa, don haka a kora da ruwa tukuna. Haɗin bai ƙara wanki ba, ƙarfin bilic ɗin ne ma ya tashi sama.

Ki yi amfani da ɗaya, ki ɗauraye sosai, sannan ɗayan in da buƙata. Ki duba ƙarfin da aka rubuta a jikin roba. Idan kashi 3.5 ne, don goge ƙasa da bayi ki sa murfi 1 a murfi 34 na ruwa, wato kamar cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya. Inda jini ko amai ko gudawa ya zuba, kofi 1 a kofi 6 na ruwa, a bar shi minti goma kafin a goge. A fara wankewa da sabulu domin datti yana cinye ƙarfinsa, a haɗa da ruwan sanyi, kuma a haɗa na yini ɗaya kawai don yana salancewa.

In hakan ta sake faruwa ga wani, ya fita nan da nan ya bar ƙofa da taga a buɗe, ya wanke ido da ruwa mai yawa na minti 15. Illar kulorin a huhu takan jinkirta sa'o'i kafin ta bayyana, saboda haka idan har yanzu kina tari, ko ƙirjinki na riƙewa, ko kina da asma, ki je asibiti yau ki faɗa musu abubuwa biyun da kika haɗa.